Ku Ji Ta Bakin Dattawan Da Ba Su Da Kujera

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina bin hirarrakin da kuke yi da manya a kan shugabanci, kuma ina ƙaruwa, sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Duk wanda kuka zauna da shi, in ba tsohon minista ba ne, to shugaban kamfani ne ko farfesa. Ban ce ba su da abin faɗa ba. Amma mai kujera da wuya ya bambance wanda ke bin sa don ganin girmansa da wanda ke bin sa don albashinsa na hannunsa. In ana so a san yadda ake jan ragamar mutane, a tambayi wanda ba shi da ikon korar kowa, ba shi da abin ba kowa, amma in ya yi gyaran murya sai wuri ya yi tsit.

Ni daga wani tsohon masinja na fara ɗaukar wannan karatu, a ma'aikatar da na yi aiki. Baba muke ce masa, har da mai sa hannu a takardar albashinsa. An ba ni riƙon wani sashe ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, kuma a lokacin ɗauka ta ita ce in ba a jin tsoronka to ba ka iya ba. Wata rana wani ma'aikaci ya ɓatar da fayil, na wanke shi tas a gaban jama'a, har da waɗanda ya girma. Baba na tsaye a bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Sai da aka tashi, kowa ya watse, ya shigo yana taya ni rufe tagogi, abin da ba aikinsa ba ne, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, in yi tambaya? Ɗazu fayil kake nema ko mutumin?" Na ce fayil mana. Ya ce: "To fayil dai bai fito ba, ga shi mutumin ma ka ɓatar." Ya ɗauki sandarsa ya yi mini sai da safe.

Na kwana ina juya maganar. Abin da ya fi cin raina shi ne na gane ya yi mini abin da ni na kasa yi wa wancan bawan Allah: ya jira har muka rage mu biyu, ya ba ni girmana, ya faɗi gaskiya a taƙaice, bai tsaya ya ga kunyata ba. Mutumin da ya girmi mahaifina ke ce mini ranka ya daɗe, kuma da wannan ladabin ya yi mini horo.

Daga nan na fara sa masa ido. Shi ke ɗaukar takardu daga wannan ofis zuwa wancan, babu sirrin da bai sani ba, amma ban taɓa jin an ce Baba ya kai maganar wani wurin wani ba. Ya san wanda ɗansa ke kwance a asibiti, ya san wanda bashi ya hana barci. In mutum biyu sun saɓa, kafin magana ta kai sama, sai ka gan su a kan bencinsa ɗaya bayan ɗaya, yana sauraro har mai magana ya gaji don kansa. An ce babba juji ne, to a wurinsa na ga ma'anar karin. An canza mana shugabanni da dama a zamanina, kowanne da sabon tsarinsa, amma abin da ya riƙe wurin yana zaune a kan wannan benci.

Kada a ce son zuciyata ne kawai, bencin tsoho har likitoci sun gwada shi. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ganin ƙarancin likitoci irinsa a ƙasar, ya fara aiki da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare ta birnin Harare. Aka ba su horo kaɗan, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, masu fama da damuwa su zo su zauna su amayar da abin da ke cikinsu. Binciken da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573 ya nuna cewa bayan wata shida, kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kusan rabi ne. Dabarar warware matsala an koya musu ita, gaskiya ne. Amma zama da mutum ba tare da katse shi ba, da yarda da mutane ke yi wa kaka, waɗannan da su suka zo.

Wani abin da tsoho ke riƙe da shi kuma shi ne tuna abin da ya taɓa faruwa. Tsibirin Simeulue na Indonesiya yana daf da inda girgizar ƙasa ta auku ranar 26 ga Disamba 2004, wadda igiyar ruwanta ta hallaka mutum fiye da 220,000 a ƙasashe daban-daban. A tsibirin, mai mutum wajen 78,000, bakwai aka ce sun rasu. Dalili kuwa, a 1907 irin wannan ruwa ya cinye musu jama'a masu yawa, waɗanda suka tsira suka riƙa gaya wa 'ya'ya da jikoki cewa in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, kada a tsaya kallo, a gudu kan tudu. Smong suke kiran abin. Kusan shekara ɗari kakanni na maimaita maganar da babu wanda ya ga amfaninta, har ranar da ta yi amfani. Ina tunanin jikoki nawa ne suka yi ƙorafin tsohuwa ta cika maimaita labari ɗaya.

Ga kuma Yacouba Sawadogo, manomi a lardin Yatenga na Burkina Faso. Bayan farin da ya kori mutane daga gonakinsu, wajen 1980 ya koma wa tsohuwar dabarar haƙa ramuka da ake kira zai, ya faɗaɗa su, ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Ya ci gaba da haƙa, har fako ya zama daji mai kusan hekta 40, masu dariya suka dawo neman koyo. Sai a 2018 aka ba shi lambar yabo ta duniya, ya rasu a Disamba 2023. Da ɗan jarida ya je wurinsa a shekarun farko, da editansa ya tambaye shi wane ne wannan, mene ne muƙaminsa.

Ba na cewa duk furfura hikima ce. Na san tsofaffin da shekaru ba su ƙara musu komai ba sai taurin kai, na san masu fakewa da girma su danne gaskiyar yaro. Shi kansa Baba akwai ranar da ya hana ni wani gyara a tsarin aiki, na ƙi jin tasa, kuma ni ne na yi daidai. Abin da ya burge ni shi ne da bakinsa ya zo ya faɗa. Gane na ƙwarai ba wuya: duba wurin wa mutane ke zuwa da ƙafarsu in abu ya ɓaci, ba tare da an aika musu sammaci ba.

Roƙona, Malam Edita, ku ware ko da hira ɗaya a wata ga irin waɗannan mutane: tsohon direba, ungozoma, mai gadi, tsohuwar da ta rene marayun dangi. Ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, ta isa mafari. Amma ku ja kunnen wakilinku kada ya tambaye su sirrin shugabanci, domin dariya za su yi, su ce ai su ba kowa ba ne. Ya tambaye su ranar da suka raba faɗa, da ranar da suka yi kuskure, da wanda ya taɓa yi musu gyara suka ji zafi. Kuma ya tafi da lokaci a hannunsa, don ba sa amsa tambaya ta hanyar da aka yi ta.

Shi Baba ya yi ritaya ba tare da an shirya masa ko taron ban kwana ba, ni ma da nake wannan magana ban tuna na nema masa ba. Shekara biyu bayan haka na je gaishe shi da niyyar in tambaye shi a wurin wa ya koyi irin wannan zama da mutane, sai na tarar an yi sadakar bakwai.

Naka,
Wani mai karatu