Wasiƙa zuwa ga Baban Rahila, kafin tafiyarsa Akara

Maraɗi, 16 ga Afrilu

Baban Rahila, aminina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Yaya Arlit, yaya zafi? Yaya Maman Rahila da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa kowa kwana a tsakar gida. Mangwaro ya cika kasuwa, muna dai jiran hadari.

Saƙonka ya iso, na kuwa yi murna da jin cewa wurin aiki za su tura ka ƙasar Gana a watan gobe, kwas na mako uku a Akara, wadda tsofaffinmu na fatauci ke kira Ankara. Ka ce in ba ka shawarar masauki tunda bara na je. Abin da zan fara gaya maka shi ne wanda ni ba wanda ya gaya mini: kafin ka kama otel, ka san inda za ka yi sujada ranar Lahadi, sannan ka nemi ɗaki kusa da wurin. Lahadi uku za ka yi a can, ba wasa ba ne.

Ni da na je, hoto na bi a waya. Na ga ɗaki fes, kuɗi kaɗan, na biya na kwana biyar tun ina Yamai. Araha ba ta ado, Baban Rahila. Otel ɗin yana dab da Sakul, wato babban shatale-talen Kwame Nkrumah, inda tashoshin mota suke, kuma wurin nan ba ya barci. Tagar ɗakina tana kallon wata mashaya, kiɗa har asuba. Da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ga zafin bakin teku mai danshi wanda ba irin namu ba ne, zufa ba ta bushewa a jiki. Na tambayi yaron da ke karɓar baƙi ko suna da injin wuta, ya ce ya lalace tun watan jiya. Kwana biyu na yi, na haƙura da sauran kuɗina na tattara kayana.

Saboda haka kada ka biya fiye da kwana ɗaya sai ka ga ɗakin da idonka. Ka buɗe famfo ka ga ruwa na zuwa, ka tambayi zancen injin wuta, ka leƙa ta taga ka ga me ke maƙwabtaka. Unguwar Osu da wajen filin jirgin sama akwai masaukai masu kyau amma da tsada. Ni Adabaraka na koma, a wani ɗan lungu marar hayaniya, kuma daga nan Nima ba nisa. A Nima da Mamobi Hausa za ka yi ta ji kamar kana Sabon Gari, ka sha koko da ƙosai da safe, ka ci shinkafa da wake da suke kira wace. Wani abu ƙarami da ya wahalar da ni: wurin sa caji nasu mai baki uku ne irin na Ingila, namu mai ƙafa biyu irin na Faransa ba ya shiga, sai da ɗan abin haɗi. Ka saya tun ranar da ka sauka. Katin rigakafin shawara kuma ka sa shi cikin fasfo, za a tambaye ka.

Yanzu zancen da ya sa na zauna rubutun nan. Ranar Asabar na bi unguwar da ƙafa na ga wata majami'ar Metodis, tafiyar minti goma daga masaukina, na karanta lokacin sujada a allon ƙofa. Washegari na yi shiri na isa daidai lokaci, sai na tarar ba kowa, kujeru wayam. Ashe agogon hannuna yana kan lokacin Nijar, Gana kuwa tana bayanmu da awa guda. Wata dattijuwa ce kawai a ciki, ta ɗaura zane a kan rigarta ta Lahadi tana goge bencina da tsumma. Na gaishe ta da ɗan guntun Turancin da nake da shi, ta dube ni, ta dubi hulata, ta ce: "Sannu da zuwa, ɗana, daga ina?" Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Mutuniyar Bawku ce, can arewacin Gana, ta girma a zango. Na karɓi tsumman muka ƙarasa aikin tare, tana tambayata ko da gaske akwai Kirista a Maraɗi. Na ba ta labarin aikin mishan a Tsibiri da asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi, na ce mata tun 1924 mishan suka zauna a Damagaram, na nuna mata Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannuna. Ta riƙe shi ta daɗe tana juya shafuka.

Sujadar da Turanci da harshen Cuwi aka yi ta. Wa'azin rabinsa ya wuce ni, amma da mai karatu ya faɗi sura da aya na buɗe nawa na bi da Hausa. Wasu waƙoƙin ma muryarsu ɗaya da waɗanda muke rerawa a gida, na bi su da kalmominmu, ba wanda ya juyo. Sai lokacin baiko. Akwai wanda suke yi bisa ranar haihuwa, suna ce masa Kofi da Ama: a kira ƴan Litinin su fito da rawa su zuba, a kira ƴan Talata, haka har Lahadi, a ƙirga a ga wace rana ta fi. Dattijuwar ta tambayi sunana, na ce Ɗanjuma, ta yi dariya ta ce to kai Kofi ne, tashi! Haka na shiga layin ƴan Juma'a, kowa da farin hankici yana kaɗawa. Ka tanadi ƙananan kuɗinsu na sidi a aljihu, domin baikon ba ɗaya ba ne, kuma ka ci abinci kafin ka fita, sujadar takan kai awa uku.

Kai da za ka je a watan Mayu, wataƙila ka tarar da majami'un shiru. Mutanen Ga, masu garin, sukan hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na Homowo, kuma dokar takan shafi majami'u. In ka ga ba ganga ba lasifika, ba sanyin zuciya ba ne, girmama masu ƙasa ne.

Ka roƙi fastonku ya rubuta maka takardar shaida, kamar yadda Bulus ya yi wa Fibi a Romawa sura 16. Ni ban tafi da ita ba, duk da haka bayan an tashi wani dattijon ikilisiya ya kai ni gidansa na ci abinci, shi ne ma ya raka ni asibiti da zazzaɓi ya kama ni a mako na biyu. Inda a wancan otel na farko nake, ban san wa zan kira ba.

In ka yarda, zan aiko maka da kwatancen majami'ar da na masaukin ta WhatsApp. Akwai kuma saƙo: na yi wa dattijuwar nan alkawarin Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan baƙaƙe, na saya yana nan a ajiye. Tunda ta Yamai za ka tashi, zan ba ƙanena ya riƙe maka shi tare da kilishi, ka faɗa mini ranar da za ka iso.

Maman Iliya tana gaishe ku ƙwarai, ta ce a shafa mata kan Rahila. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Ɗanjuma