Rahoton Kwamitin Gyaran Majami'armu ta Metodis

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Aikin da ikkilisiya ta ɗora wa wannan kwamiti ya kammala. An sake rufin majami'a, an tayar da bangon gabas wanda ambaliyar 2022 ta ci gindinsa, an kuma yi sabon daɓe.

Tun a zaman farko kawuna suka rabu. Matasa suka ce a rushe ginin ƙasar a tayar da na bulo, dattawa suka ce ba da yawunsu ba. Sai muka ga ya kamata mu fara jin asalin ginin daga bakin tsofaffi.

Cocin Metodis ya samo tushe daga wa'azin John Wesley a Ingila, ya shigo ƙasar nan ta Badagry a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman. Mu kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo mana shi. Dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi har Nguru a 1930, garuruwan da ke bakin layi suka zama kasuwannin gyaɗa. Ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni 'yan kudu su ne suka fara taruwa ran Lahadi a wata rumfa kusa da tasha. Bayan Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kakanninmu na ƙauyukan kewaye suka soma leƙowa, a hankali sujada ta koma da Hausa. Su suka buga tubalin nan da hannunsu. Da kasuwar gyaɗa ta mutu baƙin suka watse, ginin ya rage a hannunmu.

Maginin da muka kira, Musulmi ne maƙwabcinmu, ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar gatari. Ya ce bango uku lafiyarsu lau, cutar daga sama take: kwano ya yi tsatsa, gara ta cinye katako, ruwan rufi kuma yana zuba ne a gindin gini. Ga siminti ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kwamiti ya zaɓi gyara, kuma har yanzu muna ganin daidai muka yi. Mai shakka ya shigo da rana tsaka a watan Afrilu ya ji sanyin ɗakin.

Da rani ya kama aka yi gayya. Mai unguwa ya nuna mana inda za mu haƙi jar ƙasa, zumuntar mata suka ɗauki nauyin ruwa da abinci, matasan da suka so rusau kuwa su suka fi kowa taka ƙasa. An kwaɓa ta da ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu ta jiƙu sosai kafin a buga tubali. Gindin bango kaɗai aka ɗaure da dutse da siminti. Sama da nan makuba aka shafa, domin filastar siminti a kan ƙasa ɓamɓarewa take yi, ta kuma ɓoye laima a ciki. Kafinta ya shafe sabon katako da baƙin mai saboda gara, ya tsawaita bakin kwano ya wuce bango, aka haƙa magudana ta bayan gini.

Guntun ƙarfen dogon nan da ake bugawa a kira sujada, wasu sun so a musanya shi da lasifika. Mun ƙi. An dai sake masa sarƙa.

Ƙyauren tagogi biyu da makewayin mata ba su samu shiga ba, kuɗi suka ƙare. Lissafin baiko da abin da aka kashe yana manne a allon sanarwa, rasit kuma suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Muna roƙon dattawa su sa wanda zai riƙa yashe magudanar kafin ruwan farko.