A Dawo da Likitan Nan Ya Ƙarasa Maganarsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Rahar da mai gabatar da shirinku na lafiya ya yi ranar Asabar ta yi ɓarna, kuma ku za ku gyara. Likita na tsaka da bayanin zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Ya ce akwai sinadarin tiriftofan a nama da ƙwai da madara da gyaɗa, in cuta ta hargitsa jiki sai a riƙa juya shi ya koma kwinolinik asid, wanda ke zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yi ta aiki ba hutu har su mutu. Bai rufe baki ba mutuminku ya kwashe da dariya, wai ashe sai iyaye su rage wa yara ƙwai, sai kuka saka talla.

Haba! A garin da dama ake cewa ƙwai na sa yaro sata? Washegari da idona na ga maƙwabciyata ta tsame tsokar nama daga kwanon 'yarta, wai a rediyo ta ji. Tiriftofan fa jiki bai iya yin sa da kansa, dole sai an ci, yaro ba ya girma sai da shi. Cutar ce ke karkatar da shi.

Ɗana ya yi wannan zazzaɓin da damina, ya sanƙare, idanu suka kafe, ya yi dogon suma a asibiti. Da ya farka muka yi sadaka, aka sallame mu wai ya warke. Yaron da ya haddace izu biyu, yanzu a biya masa aya, kafin a wanke allo ta gudu. In na aike shi sayen magi sai ya tsaya bakin zaure yana kallon kuɗin. Malami ya zane shi, ya ce daƙiƙi ne. Kakarsa ta ce iska ce. Babu wanda ya ce mana mu koma a duba shi.

Abin da na ƙagu likitan ya faɗa ke nan. A Yuganda an bi yaran da suka tsira, bayan shekara 2 aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na da raunin fahimta, kuma a 2017 an danganta yawan irin waɗannan sinadarai a ruwan lakarsu da daɗewar suma. Mu 'yan Nijeriya da ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, mu za a yi wa wasa da wannan? Ku dawo da shi, ku bar shi ya gama, mai gabatarwa kuma ya janye maganarsa da bakinsa.

Sannan don Allah tallar mai maganin nan da ke warkar da basir da hawan jini da sanyi da kwalba ɗaya, ku rage mata ƙara, tana tayar mini da jaririya daga barci.

Wassalam.
Mai sauraronku kullum, daga Funtuwa