Wasiƙa zuwa ga Malam Mamman Sani a kan batirin motarsa

Tawa, 12 ga Janairu

Aminina Malam Mamman Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma ɗarin Agadas bai matsa muku ba. Mu nan Tawa sai godiyar Allah.

Ƙanenka ya iso da saƙonka cewa motarka ta koma sai an tura ta kowace safiya, har kana shirin sayen batir na uku cikin shekara biyu. Don Allah ka dakata da sayen nan. Batir biyu ba sa mutuwa a jere haka kawai, akwai abin da ke kashe su, kuma muddin ba a gano shi ba, na ukun ma hanyarsu zai bi. Abin da ya same ni bara da tawa motar, wadda ta girmi taka, shi ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo.

Ka fara da saurare. Idan ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun tablo kuma suna dushewa, to wuta ce ba ta isa ba, ko daga batir ko daga kawunansa da suka yi sako-sako ko suka tara farin gari. Idan ƙas ɗaya ka ji alhali fitilu na nan da haskensu, zargi ya koma kan demarer, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, galibi gawayinsa ne ya cinye. Idan kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, ka bar batir ya huta, ka nemi matsalar wajen mai ko buji, wato filogin da ke ba inji tartsatsin wuta.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko dala. Da yamma, bayan motar ta yi tafiya mai ɗan nisa, ka cire wayar da ke kan batir ta ɓangaren alamar ragi, ka bar ta a cire har safe. In ka mayar da ita motar ta tashi nan take, batir na riƙe wuta, wani abu ne a cikin motar ke shan ta da dare. In ta ƙi tashi duk da haka, ko batirin ya gaji ko ba ya samun caji.

Daga nan sai na'urar awon wuta, wadda kowane mai gyaran wayar mota ke da ita. Batir mai lafiya da ya kwana a cike yana nuna bolt 12,6. Idan ya nuna 12,2 ya sauka wajen rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Lokacin da ake tada inji kada ya faɗi ƙasa da 9,6. Bayan inji ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13,8 da 14,5, in bai kai ba a duba altarnater, wato abin da ke cajin batir, da bel ɗin da ke juya shi. Ina roƙonka kada ka yarda kowa ya cire kan batir inji na aiki wai don gwada caji. Na san an saba yin haka a garaji da yawa, amma wutar da ke tashi a lokacin tana iya ƙona altarnater ɗin da ake son gwadawa.

A wajen neman ɓarawon wuta ne na fi shan wahala. Ana kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi, sannan a saita na'urar a kan amfer 10, a sa ta tsakanin kan batir na ragi da wayarsa da aka cire. Kada a murɗa makulli tana haɗe, domin za ta ƙone. Motar da ke barci ba ta kamata ta ja fiye da miliamfer 50 ba (miliamfer dubu ne amfer ɗaya). Motata ta nuna kusan 400. Muka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya muna kallon na'urar, har muka zo kan wanda ya sa lambar ta faɗi, ashe ƙaramar fitilar but ce ba ta mutuwa idan an rufe, saboda maɓallinta ya lanƙwashe. Ƙwai ne mai wat 5 kacal, amma yana shan kusan amfer-awa 10 a kwana ɗaya, batirina kuwa mai amfer-awa 60 ne, ka ga kwana uku a ajiye sun isa su raba shi da rabin ƙarfinsa. A taka motar na fi zargin rediyon da ka ce an sa maka, domin sau da yawa ana haɗa shi kai tsaye da batir ba ta makulli ba. Idan an zare fis duka lambar ba ta sauka ba, a cire wayoyin altarnater, saboda idan diyod ɗinsa, mai hana wuta komawa baya, ya lalace yakan bar wuta ta koma ta cikinsa da dare.

Mutane na ɗora wa ɗari laifi, alhali zafin Afrilu da Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, shi ke ƙafar da ruwan batir ya ci shi daga ciki, sanyin Janairu tona asiri kawai yake yi. Saboda haka in naka mai marufai ne, ka duba ruwan ya rufe farantan ciki, ka ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da asid, ban da ruwan rijiya. Ka wanke kawunan da ruwan ɗumi da ƴar kanwa ba tare da ya shiga ciki ba, ka ɗaure su tamau, ka kuma duba inda wayar ragi ta kama jikin mota, don tsatsa a wurin tana hana mota tashi ko da batir sabo ne.

Ka rubuta lambobin da na'urar ta nuna, na safe da na lokacin tadawa da na bayan inji ya tashi, ka aiko mini kafin ka kashe ko jika ɗaya. Ka gaishe mini da Hajiya da dukan mutanen gida.

Naka har kullum,
Abdu