Dan Allah a sake waiwayar zancen kaburburan sarakunan Japan

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne kan ɗan bayanin da kuka yi a filin tarihi game da manyan kaburburan nan na Japan da suke ce wa kofun. Gaskiya naji daɗi da kuka taɓo su, dan mu in aka ce Japan to mota ce da babur da bam ɗin Hiroshima, shikenan. Amma abin da ya tsaya min a rai shine saƙon wani mai sauraro da kuka karanta, wanda yace wai duk tulin ƙasa ne na masu girman kai, ba abin da za a ƙaru da shi. Ɗan'uwana ina ganin girmanka amma wallahi ban yarda da kai ba, kuma ba wai ina cewa a kwaikwaye su bane, mu addininmu likkafani da rami ya ishe mu, sarki da talaka duk ɗaya.

Girman kai kam akwai shi, wannan ba musu. Babban cikinsu, Daisen, da ke garin Sakai kusa da Osaka, tsawonsa mita 486, an zagaye shi da gwalalo mai ruwa har layi uku, kuma an gina shi ne wajen tsakiyar ƙarni na 5 ba katafila ba tifa, hannu ne da kwando. Kamfanin gine-gine na Obayashi ya taɓa yin lissafi a 1985 cewa ko da mutum 2,000 ne suke aiki a rana sai an ɗauki shekara 15 da wata 8. Ka ga manoma nawa aka raba da gonakinsu saboda gawar mutum ɗaya. In ka kalle shi ta sama siffar kafar makulli gare shi, bayansa da'ira gabansa mai kusurwa, amma wanda ke tsaye a ƙasa kurmi kawai zai gani da ruwa, wato ko waɗanda suka tara ƙasar ba su taɓa ganin siffar abin da suka gina ba.

To amma ga inda nake so a tsaya. Mutanen nan a lokacin ba su da rubutun kansu, littattafan tarihinsu mafi daɗewa da suka rage sai a 712 da 720 aka rubuta su, kuma fada ce ta sa aka rubuta, kowa ya san in fada ta sa a rubuta tarihi me za a samu a ciki. Saboda haka wajen shekara 300, daga tsakiyar ƙarni na 3 zuwa na 6, in ka cire ɗan abin da 'yan Sin da Koriya suka rubuta a kansu, to abin da ke cikin ƙasar nan shine shaidar da ta rage. Kuma ba ɗaya ba biyu bane, kaburburan nan sun kai wajen 160,000 manya da ƙanana, kuma irin siffar nan ta kafar makulli da ta fara a yankin Nara ta bazu tun daga Kyushu a kudu har can arewa, wannan kaɗai ya nuna maka yadda sarakunan gari gari suka riƙa bin babban gidan sarauta na Yamato, kowa yana gina nasa daidai matsayinsa.

Bari in baka misali guda da ni ya fi burge ni. A 1968 an tono wani takobin ƙarfe a kabarin Inariyama da ke Saitama, duk tsatsa ta cinye shi, aka ajiye. Sai bayan shekara 10, a 1978, ana cikin gyaransa aka ga wani abu na ƙyalli, aka ɗauki hotonsa da na'urar nan ta hoton ƙashi, sai ga haruffan Sin guda 115 an dasa su da zinare a jikin ƙarfen. Mai takobin ya jero sunayen kakanninsa, yace gidansu ne shugabannin masu riƙe takobi, kuma shi ya yi wa babban sarki Wakatakeru hidima, ga shekara a jiki wadda yawancin masana suka ce 471 ce. Shi kuma wannan suna dama akwai shi a wani takobin da aka samu a Kumamoto, can ɗaya ƙarshen ƙasar, amma wasu haruffan sun goge an daɗe ana karanta shi ba daidai ba, sai wannan ne ya warware. Takubba biyu suka nuna iyakar inda ikon sarki ɗaya ya kai. Yanzu dan Allah wannan ne za a ce ba abin ƙaruwa?

Ga kuma mutum-mutumin yumɓu da suke jerawa a kan tudun, haniwa, akwai gidaje, dawakai da sirdi da likkafa da linzami, kaji, mayaƙa cikin sulke da kwalkwali, mata riƙe da ƙoƙo. Da su aka san irin suturarsu da yadda rufin ɗakinsu yake. Akwai labarin da ake bayarwa wai an ƙirƙiro su ne dan a daina binne bayi da rai tare da sarki, labarin na da daɗin ji amma masu tono ba su ga shaidarsa ba, na farkon ma ba siffar mutum gare su ba, zungura-zunguran tukwane ne kawai. Shi dokin ma baƙo ne, ta Koriya ya shigo musu wajen ƙarni na 5, haka ƙarfe, daga kudancin Koriya suke samo shi, da maƙera da masaƙa da masu ginin tukwane da marubuta da suka ƙetaro suka zauna. Duk mai cewa Japan ita kaɗai ta gina kanta a tsibiri ba ruwanta da kowa, kayan cikin kaburburan nan sun ƙaryata shi.

Abin da yake ɓata min rai shine manyan cikinsu a rufe suke. Hukumar da ke kula da gidan sarauta ita ke riƙe da su a matsayin makwancin kakannin sarki, ba a shiga ba a tonawa. Daisen ɗin nan sun ce na sarki Nintoku ne, masana da yawa kuwa suna shakka. Sai a 2018 aka bari ma'aikatan garin Sakai suka shiga aka yi ɗan tono tare, shi ma a bakin ganuwar da ke zagaye ne ba kan tudun ba, aka samu jerin haniwa da daɓen duwatsu. Na san mutunta mamaci wajibi ne, ni ma ba zan so a tone kabarin kakana ba, amma aƙalla a tabbatar wa ke kwance a wurin mana. Dubi na sarki Keitai, hukuma ta killace wani kabari tace nasa ne, yawancin masana kuma sun ce wani ne daban, Imashirozuka a Takatsuki, to da yake shi Imashirozuka ɗin ba a killace shi ba sai aka samu damar bincikensa sosai, yau fili ne yara na wasa a kai. Wato ana ta gadin wani wuri, mai kabarin ƙila yana wani wurin.

Sai labarin da nafi so ku kawo wa masu sauraro. Bayan yaƙin duniya na biyu mutane na neman matsuguni, an baje kaburbura da dama a Sakai an yi filaye. A 1955 aka zo kan ɗaya mai suna Itasuke, har an gina gada a kan ruwan dan motoci su shiga kwasar ƙasa, sai malaman makaranta da ɗalibai da mutanen gari suka tashi suka ce ba za ta saɓu ba, aka yi ta kamfe da neman gudummawa, ƙarshe gari ya sayi wurin, a 1956 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi. Guntun gadar na nan har yau ta ruɓe a cikin ruwa. Shi wannan Itasuke ɗin yana cikin kaburbura 49 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2019, kuma ba sarki ne ya cece shi ba, malaman makaranta ne.

Abin da yasa nake naci, mu ma fa muna da irinsu. Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta jihar Katsina tuddan kaburburan sarakuna ne, an tona a 1907 an sake tonawa a 1992, an samu kayan zinare da tagulla da hauren giwa, wasu daga nesa ƙwarai suka zo. Ka tambayi ɗan sakandare a Katsina ko ya taɓa zuwa ka ji amsa. In aka koya wa mutane cewa irin wannan tulin ƙasa ne kawai, to ranar da mai tifa zai zo ba wanda zai ɗaga murya.

Su dai Japanawa da addinin Buda ya shigo musu daga Koriya a ƙarni na 6 sai manya suka fara karkata dukiyarsu wajen gina wuraren ibada, a 646 kuma aka yi doka ta rage girman kabari, abin ya riƙa ja baya har ya mutu.

Roƙona Edita, a ba wannan zance fili guda cikakke, ba minti biyar a ƙarshen shiri ba, a gayyato malamin ilimin tono kayan tarihi daga ɗaya cikin jami'o'inmu ya haɗa mana na can da na Durɓi, kuma a buɗe layi. In za a yi, dan Allah a sanar da wuri, kuma a nemo shi wancan mai saƙon shi ma a ji ta bakinsa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Funtuwa