An ba ni hutun da ban roƙa ba

Damagaram, unguwar Garin Malam

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Agadas, ya su madam da yara? Na san laifina ne, tun babbar salla ban ce maka uffan ba. To ga lokaci ya samu har ya yi mini yawa, yau kwana goma sha biyu ke nan ina zaune gida.

Patoro ne ya tara mu a magaza, mu tara, ya miƙa wa kowa takarda da Faransanci: shomaj teknik, wata biyu. Wai kaya ba su zuwa. Kuma ban ga laifinsa ba, tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 hanyar Kwatano ta mutu, sai an zagayo ta Lome da Burkina, kaminyo ya yi ta jiran rakiyar soja. Ba korarmu aka yi ba, kwantiraginmu na nan, jingine shi aka yi. Rabin albashi ya ce zai riƙa ba mu.

Abin da ya fi takardar ba ni wuya shi ne yadda zan faɗe ta da Hausa. Na ce wa Inna hutu aka ba ni. Ta ce alhamdu lillahi, dama na rame, in tafi Mirya in dubo mata gona. Uwargida kuwa ba a yi mata wannan. Ta san konje sarai: kwana biyu da rabi kake tarawa kowane wata, ka ci wata guda a shekara da albashinka cif. Ta dube ni ta ce, "Wane irin konje ne wannan da bai zo da buhun shinkafa ba?"

Sai na canza baki, na ce wa Kawu an dakatar da mu. Ya ajiye carbi, ya rage murya, wai me ya ɓace a magazar? Ka ga tsiyar, a kunnen mutane sai mai laifi ake dakatarwa. Sallama kuwa ko da wasa ban furta ba, don ranar da mai kantin bakin layi ya ji ta, ranar zai rufe mini littafin bashi, kuma jaka goma sha bakwai yake bi na.

Kar ka yi mini dariya, kai da ka ce mana "ɗan hutu" ka tafi yi Agadas, ga shi shekara bakwai. Ko har yanzu konjen ne bai ƙare ba?

Mai shayinmu ne ya raba gardama. Yana fifita gawayi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, ai sunansa hutun dole. Ƙato na nan zaune, ya ce ya dace, tun da kullum a kasuwar Dole nake cinye shi. Haka ne kuwa. Ƙarfe bakwai nake sa riga in fita kamar mai zuwa aiki, in zauna rumfar ƙanena ina ƙirga masa kwalin sabulu har azahar, don maƙwabta kar su fara lissafi.

Af, Ƙaton nan fa aure zai ƙara! Yarinyar Zango ce, wadda ya rantse mana ƙanwa ya ɗauke ta. Pampon unguwarmu kuma ya koma halinsa, sai tsakar dare yake tari ya kawo ɗan abin da ya kawo, 'yan garuwa sai yanga.

Dare ne ba ya mini daɗi. Takardar ta faɗi ranar tafiya, ta ce wata biyu, amma ba ta ce lalle a dawo ran kaza ba, na karanta ta ya fi sau goma. In ka ji ana neman mai riƙe lissafin kaya a wajenku, ko na wata ɗaya ne, ka buga mini. Amma in kun yi waya da Inna, hutu nake yi.

Ka gaida madam, ka ce mata cukun da ta yi alkawari har yau muna zuba ido.

Naka,
Na Garin Malam