Ba narkewar ƙanƙara kaɗai ba ce matsalar, tsagewarta ma abin dubawa ce

Assalamu alaikum Malam Edita,

Duk lokacin da aka kawo labarin sauyin yanayi sai a ce ƙanƙarar teku tana narkewa ruwa zai ci garuruwa, shikenan a wuce. To gaskiya ƙanƙarar dake yawo a saman teku ko ta narke ba wani ƙara tsayin ruwa take ba sosai, wadda ke kan tudu irin ta tsibirin Girinland ita ce mai wannan aikin. Ta teku aikinta daban ne, murfi ce kamar murfin tukunya, kuma inda ta tsage nan ne maganar take.

A can ƙarshen arewacin duniya lokacin hunturu iska tana kaiwa digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili, amma ruwan dake ƙarƙashin ƙanƙarar bai wuce kusan digiri 2 ƙasa da sifili ba, kenan shi ne mai ɗumi. Da iska ko igiyar ruwa ta ja ƙanƙarar ta buɗe, sai zafin ruwan ya yi ta fita har tururi ke tashi kamar hayaƙi, ya haɗu ya zama gajimare, gajimaren kuma ya tare ɗumin kar ya gudu sama. Da bazara kuma abin ya juya, farar ƙanƙara tana mayar da yawancin hasken rana amma baƙin ruwa shanyewa yake fiye da kashi 90 cikin 100, ruwa ya ɗumama ƙanƙara ta ƙara sirancewa ta ƙara saurin tsagewa, haka dai. Wannan na cikin dalilin da yasa tun 1979 yankin ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya.

Kuma fa ba ƙananan ramuka ba ne kullum. A tekun Weddell dake Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, daga 1974 zuwa 1976 wani rami ya buɗe mai faɗin kusan murabba'in kilomita 250,000, ya fi jihar Kaduna sau biyar wallahi, sannan ya sake bayyana a 2017 duk da bai kai na farko ba.

Don Allah a riƙa bamu irin wannan bayanin da Hausa a shafin kimiyya, ɗalibanmu na sakandare suna karanta jarida a waya kuma malaman jogirafi zasu samu abin koyarwa.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna